Abba, Kafin Ka Zaɓi Gari, Dubi Agogonsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Abba, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da aiki da ɗalibanka. Mu nan kowa lafiya lau, sai godiyar Allah. Ummanku tana gaishe ka. Amaryata ta zo mana ranar Asabar tare da uwarta, ta cika gida da surutu, wai ita ma jirgi za ta hau.

Na karanta takardun nan biyu da ka turo, ta Kuala Lumpur da ta Toronto. Alhamdu lillahi, wani ɗaya yake nema bai samu ba, kai ga ka da biyu. Na kuma ga jadawalin da ka zana, kuɗin makaranta a nan, haya a can, shekarun karatu a ƙasa. Zancen wace jami'a ta fi ƙarfi a fanninka, ko wane malami ya fi iya duba ɗalibin digiri na uku, kai ka fi ni sani, ba zan tsoma baki ba. Abin da zan yi magana a kai shi ne wanda ban gani ba a jadawalin naka, wato agogo. Tunda ka ce shekarar farko iyalinka a nan za su zauna, to agogon garin da ka zaɓa shi zai yanke yawan abin da za ka sani na gidanka, da yawan abin da gidanka zai sani naka.

Tun kana ƙarami kake jin rediyona yana cewa ƙarfe kaza agogon GMT, ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. Lissafin ba wuya gare shi ba. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, zagayenta digiri 360, ka ga kowace awa ta ci digiri 15, kowane digiri kuma minti 4. Lokacin da nake koyar da labarin ƙasa, nakan sa a rufe tagogin aji, in ba yaro ɗaya tocila ya tsaya a matsayin rana, ni kuma in riƙa juya ƙwallon taswira a hankali, su ga haske ya fara sauka Makka kafin ya iso Kano. Amma abin bai cika shiga kansu ba sai na tambaye su: da azumi wa ke riga shan ruwa, mutumin Maiduguri ko na Sakkwato? Nan take aji ya ɗauka, na Maiduguri. Tsakaninsu kusan rabin awa ne, alhali agogo ɗaya ke hannunsu. Rana daban, agogo daban. Rana ta Allah ce, agogo kuwa yarjejeniya ce ta hukuma.

Ita yarjejeniyar ma tana da alaƙa da ɗaya daga garuruwan naka. A da kowane gari da ranarsa yake saita agogo, sai jirgin ƙasa ya zo ya rikita lissafi, domin ba a iya tsara tashi da sauka da agogo ɗari. A Toronto ne wani injiniyan reluwe, Sandford Fleming, ya gabatar da shawarar a raba duniya yanki-yanki na lokaci, a 1879. A 1884 ƙasashe 25 suka zauna a Washington, mafi yawansu suka amince a riƙa fara ƙirga daga Greenwich da ke Landan. Wannan ita ce G ɗin da ke farkon GMT.

To ga naka lissafin. Mu muna gaba da GMT da awa 1. Kuala Lumpur tana gaba da shi da awa 8, saboda haka tana gabanmu da awa 7, rani da damina, ba canji. Toronto tana bayan GMT da awa 5, wato tana bayanmu da awa 6. Sai dai su suna taɓa agogonsu sau biyu a shekara: daga Lahadi ta biyu a watan Maris zuwa Lahadi ta farko a Nuwamba suna tura shi gaba da awa ɗaya, tazararmu da su ta koma awa 5. Tsakanin garuruwan biyu kuwa awa 13 ne da hunturu, awa 12 cif a sauran watanni. In ka rataye agogunansu biyu a bango a watan Yuli, hannayensu wuri ɗaya za su nuna, amma ɗaya rana tsaka ce, ɗaya tsakar dare.

Na san za ka ce awa 7 da awa 6 ai duk tafiyar ɗaya ce. Ba ɗaya ba ce. Wanda ke gaba da gida da wanda ke bayan gida rayuwa biyu suke yi, kuma a nan nake so ka tsaya ka yi mini haƙuri.

Ka san yadda yinin gidanka yake. Da asuba iyalinka tana fama da karin kumallo da shirya yarinya, kafin 7:30 sun fita. Ƙarfe 2 su dawo, a ci abinci, a ɗan kishingiɗa. Ƙarfe 4 Islamiyya, sai dab da magariba. Bayan isha'i a yi hira, ƙarfe 10 gida ya yi tsit. Nan gidanmu ma haka ne, in ka cire makaranta.

Ɗora wannan a kan Kuala Lumpur. Ka tashi asuba ƙarfe 6, mu nan 11 ne na daren jiya, yanzu muka kwanta. Daga nan har azahar ɗinka babu mai kiranka daga gida, babu mai turo maka saƙon murya cewa famfo ya fashe ko kuɗin makarantar wane bai cika ba. Awa 7 ke nan a jere, kai da littafinka, a lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi kaifi. Kana alwalar azahar mu muna sallame asuba. Da ka koma masauki da yamma, gari ya waye mana sosai. Ƙarfe 9 na darenka shi ne 2 na ranarmu, yarinya ta dawo, jakarta ma ba ta ajiye ba. Kana da awa biyu cur kafin ta tafi Islamiyya, kai kuma ka kwanta ƙarfe 11. Abin da za ka rasa shi ne hirar dare. Ka san Ummanku, bayan isha'i take ajiye waya a kan tabarma ta saki murya, duk wanda ya gifta ta tsakar gida sai ya tsaya ya gaisa, har almajirin da ya zo karɓar kwanonsa. Wannan lokacin 3:30 ne na dare a wurinka. Dole ta mayar da hirarta hantsi, wajen ƙarfe 11 ko 12, lokacin kai kana jiran magariba. Za ta yi mita kwana biyu, ta saba.

Yanzu ɗora shi a kan Toronto a watan Disamba. Ka farka ƙarfe 7, mu nan 1 na rana. Kafin ka wanke ido wayarka cike take da abin da ya faru tun safe, kowa da tasa buƙatar, kuma kowa yana ganin ka yi shiru da yawa. Awannin da ya kamata ka ba karatu, daga 8 zuwa 4, su ne 2 na rana zuwa 10 na darenmu, daidai lokacin da kowa ya sami sukunin kira. Hirar Umma ta faɗo maka 2:30 na rana, kana aji ko ɗakin gwaje-gwaje. Ka tashi ƙarfe 5, ka fito ka tarar duhu ya riga ya rufa, domin a wannan watan rana tana faɗuwa wajen 4:40. Mu kuma 11 na dare, kowa ya yi barci. Daga nan har ka kwanta, awa biyar ko shida, ba matarka, ba 'yarka, ba uwarka, ba wani aboki na Zariya da za ka kira ka same shi ido biyu. Ga sanyi, ga ɗaki ɗaya, ga shiru. Wannan wurin nake ji maka, Abba. Ba ƙarfin hali ne ke gaza wa mutane a irin waɗannan garuruwa ba, kaɗaicin yamma ne ke cin su a hankali, kuma ta wannan ƙofa abokan banza suke shigowa. Don in yi adalci, Asabar da Lahadi Toronto ta fi daɗi: ka yi barcinka, ka tashi ka yi wanki, ƙarfe 2 na rana ka zauna cikin hirar dare tamu kamar kana tsakar gida. Amma mako kwana bakwai ne.

Ka ƙara da wannan: bankunanmu da ofisoshinmu daga 8 zuwa 4 suke aiki. A Kuala Lumpur 3 na rana ke nan zuwa 11 na dare, kana iya bin takardarka ta waya bayan ka gama naka aikin. A Toronto 2 na dare ne zuwa 10 na safe. Duk wanda kuɗin karatunsa daga gida yake fitowa ya san bin takarda sana'a ce mai zaman kanta.

Akwai maganar da ba a son yi, amma dattijo ba ya ƙin faɗinta. Ni da Ummanku mun manyanta, kuma mu ba ma ajiye gawa. In ta Allah ta kasance da dare, ƙarfe 9 ko 10 na safe an kai mutum makwancinsa. A Kuala Lumpur la'asar ce, kana farke, za a kira ka a yi shawara da kai, ka yi addu'a a lokacin da ake yi. A Toronto 3 ko 4 ne na dare, za ka farka ka tarar har an dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmin zaman makoki. In kuwa da daddare ciwo ya tashi, wajen 10, na Toronto ne ke farke, na Kuala Lumpur yana barcin ƙarshen dare. Ko ta ina dai ba za ka iso jana'iza ba. Toronto kusan kilomita 9,000 ce daga Kano, Kuala Lumpur ta haura 10,000, kuma babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai an sauka Adis Ababa ko Doha ko Alƙahira an canja. Don haka duk inda ka je, ka saita wayarka yadda lamba biyu za su iya tashinka ko da ka kashe mata murya, tawa da ta ƙaninka. Ni kuma zan kafa doka a gidan nan cewa ba mai kiranka cikin darenka don gaisuwa.

Sai salla, wadda ita ba ruwanta da yarjejeniyar Washington. Kuala Lumpur digiri 3 kacal take arewa da ikwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, saboda haka dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara. Asuba wajen ƙarfe 6, rana ta fito bayan 7, azahar bayan 1, magariba tsakanin 7 da 7:30. Kada wannan ya ba ka mamaki. Agogon awa 8 na layin digiri 120 ne, ita kuwa tana wajen digiri 102, wato agogonta ya riga ranarta da fiye da awa ɗaya. Hukuma ce ta yi haka da gangan a ranar 1 ga Janairu 1982, zamanin Firayim Ministan Maleshiya Mahathir Mohamad, aka ƙara rabin awa don ɓangaren yamma na ƙasar ya daidaita da Sabah da Sarawak da ke tsibirin Borneo. In ka haddace lokutan salla a makon farko, kusan sun ishe ka har ka gama digiri. Azumi ma kusan tsawon namu ne, ko a wane wata ya faɗo.

Toronto tana wajen digiri 44 arewa, mu Kano muna 12. A ƙarshen Yuni yininsu ya kai awa 15 da kusan rabi. Magariba ƙarfe 9 na dare, isha'i dab da 11, asuba kafin 4. Tsakanin ka sallame isha'i da ka tashi asuba bai fi awa biyar ba, ga aji da safe. A ƙarshen Disamba yinin bai cika awa 9 ba: azahar 12 da 'yan mintuna, la'asar wajen 2:30, magariba kafin 5. Salla uku cikin awa huɗu da rabi, duk a tsakiyar lokacin aiki, a garin da ba za ka ji ladan daga taga ba. Wanda bai riƙe jadawalin salla a aljihu ba, kafin ya ankara biyu sun wuce shi. Sa'arka ɗaya, a waɗannan shekaru azumi yana faɗawa cikin Fabrairu, yana ja da baya kwana 11 kowace shekara zuwa Janairu, har a 2030 ana sa ran zai zo sau biyu, farkon shekara da ƙarshenta. Azumin hunturu za ka tarar, gajere. Waɗanda suka yi na 2015 da 2016 a can, da ya faɗo a Yuni, awa 17 suka riƙa yi.

Alƙibla ma sai ka kula. Mu nan gabas muke fuskanta, jikinka ya saba. A Kuala Lumpur Makka tana yamma da kai, da ɗan karkata arewa. A Toronto kuma arewa maso gabas za ka fuskanta, ba kudu maso gabas ba kamar yadda taswirar bango take nunawa, domin duniya ƙwallo ce, gajeriyar hanya ta sama take bi. Mutanen Maleshiya Shafi'iyya ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, ana ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u. A Toronto masallatai da yawa na mutanen Indiya da Pakistan ne, Hanafiyya, la'asar ɗinsu tana jinkiri. Ka bi liman, kada ka je garin mutane da gardamar da ko a nan ba ta ƙare ba.

Ganin wata kuwa, kada ka jira mu. Lokacin da ake sanar da shi a talabijin a Maleshiya bayan magaribarsu, mu nan ko azahar ba mu gama ba. Kafin sanarwar Sarkin Musulmi ta fito wajen 9 na darenmu, kai 4 na asuba ne, lokacin sahur. A Toronto kuma a wannan lokacin rana ba ta ma faɗi ba, kuma su kansu ba bakinsu ɗaya ba: wasu masallatai lissafi suke bi, wasu sai an ga wata, har akan yi Idi kwana biyu a gari ɗaya. Ka zaɓi masallacin da kake salla kullum, ka ɗauka tare da su, ka sauke tare da su. In salla ta saɓa da tamu da kwana ɗaya, ba abin tashin hankali ba ne, sai ka yi mana barka sau biyu.

Game da su garuruwan, na ga hotunan da ka haɗo. Tagwayen benayen Petronas mita 452, sabon nasu Merdeka 118 mita 679, hasumiyar CN ta Toronto mita 553. Sun yi kyau, amma ba a cikinsu za ka kwana ba. Kuala Lumpur ta fara ne a matsayin sansanin masu haƙar kuza wajen 1857, a mahaɗar kogin Klang da na Gombak, inda Masallacin Jamek yake tun 1909. Kusan labarin Jos ke nan. Mutanen cikin birni wajen miliyan 2 ne, da kewaye sun haura miliyan 7, Malayawa da Sinawa da Indiyawa a cakuɗe. Yawancin ma'aikatun gwamnati sun koma Putrajaya tun 1999. Musulunci ne addinin hukuma, kowace babbar kasuwa da tasha da ɗakin salla, ranar Juma'a ana ba da dogon hutun rana. Amma kada ka ɗauka Madina ka je. Akwai giya, akwai naman alade, akwai duk abin da ke babban birni. Ka riƙa duba tambarin halal na JAKIM, hukumar harkokin Musulunci ta ƙasar, a ƙofar gidan abinci. Zafinsu bai kai na Afrilunmu ba, digiri 32 ko 33 ne da rana, sai dai zafi ne mai laima, gumi ba ya bushewa, kai da ka tashi a busasshiyar iska za ka ji jiki a watannin farko. Ruwan sama ya haura milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na namu, yawanci da yamma yake saukowa da tsawa. Laima ta zama abokiyar tafiya. Sauronsu mai kawo zazzaɓin dengi da rana yake cizo, gidan sauro kaɗai ba ya isa.

Toronto tana bakin tafkin Ontario. Ita ce birni mafi girma a Kanada, amma ba ita ce babban birnin ƙasa ba, Ottawa ce. Ƙidayar 2021 ta ba ta mutum kusan miliyan 2.8, da kewaye miliyan 6.2, kuma kusan rabin mutanen cikin birnin ba a Kanada aka haife su ba. Wajen mutum ɗaya cikin goma Musulmi ne, ba za ka rasa masallaci ko mahaucin halal ba, amma Juma'a ranar aiki ce kamar Talata, sai ka nemi izini tun farkon zango. Sanyin Janairu yana zama ƙasa da sifili, wasu ranaku ya gangara har 20 ƙasa da sifili. Abin ya kai sun gina hanyoyin ƙafa a ƙarƙashin tsakiyar birni, kusan kilomita 30, da kantuna a ciki, don mutum ya je aiki bai taka ƙanƙara ba. Rigar sanyin da kake sawa a Samaru da hunturu ba za ta yi maka komai ba, kada ka ɓata kuɗi a nan, can za ka saya. Baƙar fata kuma ba ta samun isasshiyar rana a wannan yanki, ka tambayi likita zancen bitamin D tun da wuri. Sai tsada. Hayar gida mai ɗaki ɗaya ta haura dalar Kanada 2,000 a wata. Ita kanta gwamnatinsu a farkon 2024 ta ɗaga kuɗin da ɗalibi zai nuna yana da su na zaman shekara daga dala 10,000 zuwa 20,635, ban da kuɗin makaranta. Alawus ɗin da suka yi maka alkawari yana da kauri in ka juya shi naira. Ka daina juyawa, ka cire haya tukuna ka ga abin da ya rage.

Abu biyu a kan kaya. Ko ina za ka, kada ka karɓi ƙunshin kowa a filin jirgi, ko da ɗan unguwarmu ne, ko da ya ce magani ne na tsohuwarsa. A Maleshiya fataucin ƙwaya hukuncinsa yana kaiwa ga rataya. A 2023 sun bar wa alƙali zaɓi, amma ba su soke hukuncin ba. Kanada kuma ta halatta tabar wiwi tun 2018, za ka ji warinta a titi, ka ga kantinta da lasisi. Halas ɗin hukuma daban, kai ka san naka. Na biyu, Ummanku ta riga ta fara zancen kilishi da dambun nama. In Kanada ce ka hana ta, ba a shiga da nama. Kuka da kuɓewa da daddawa ma ka bayyana su a takardar shiga, in sun karɓe sun karɓe, ya fi a kama ka da ɓoyo.

Ka tambaye ni ra'ayina, ga shi. Da ni ne, kuma da kuɗin ya daidaita, Kuala Lumpur zan ɗauka. Safiyarta taka ce, yammacinta na gida ne, sallarta a zaune take, kuma ƙasa ce da ke sallamar ɗalibi in ya gama. Kanada ƙasa ce mai riƙe mutum. Daga takardar karatu sai ta aiki, daga ta aiki sai ta zama, yara su shiga makaranta, shekara goma ta wuce ana cewa baɗi. Na ga haka a kan ɗalibaina, masu hankali kuwa, ba wanda ya tafi da niyyar zama. Amma na san kuɗin bai daidaita ba. Toronto su za su biya ka, Kuala Lumpur sai ka jira daga gida, kuma jiran kuɗi a ƙasar mutane shi ma wani ciwon ne. In malamin Toronto ya fi, kuma zuciyarka can ta karkata, ban hana ka ba, da sharaɗi ɗaya: zancen shekara ɗaya ya zama shekara ɗaya. Ka fara neman takardun iyalinka tun watan da ka sauka, kada hunturu na biyu ya same ka kai kaɗai. Ita ma ka zauna da ita ka nuna mata wannan lissafin, awa da awa, domin ita za ta riƙe yarinya a farke ko ta tashe ta. Ba a yanke irin wannan a bayan idon mace.

In ka sauka, ko ina ne, ka ware lokaci ɗaya tsayayye na gida wanda kowa ya sani, kada ya zama sai ka sami sarari. Ka sa agogon Kano a fuskar wayarka kusa da na garin. In za ka faɗi lokaci ga mutanen gida, ka faɗa da namu agogon, ka haɗa da sunan rana, domin Juma'arka ta safe a Kuala Lumpur Alhamis ce da dare a nan.

Sai ganawar da malamin Toronto ya sa maka ta bidiyo. Na ga ya rubuta ƙarfe 10 na safe agogonsu, kuma ranar ta faɗo bayan Lahadi ta biyu ta Maris. Sun riga sun tura agogo ke nan. Ƙarfe 3 na rana ne a Zariya, ba 4 ba. Ka cika wayarka da kwamfutarka da caji tun safe, ka nemi wurin da intanet ba ya yankewa, ka zauna tun 2:30.

Ka yi istihara kafin ka ba kowa amsa. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Wassalam.

Mahaifinka.